Darasi na 12: Kowane Abu da Mazauninsa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta kayan amfani da tarkacen da suka cushe gida;
2. ware wa kowane abu wurin zamansa;
3. killace takardu da magunguna da amfanin gona yadda ba za su lalace ko su cutar da kowa ba;
4. raba aikin kintsa gida tsakanin mutanen gida ba tare da an ɓata ba.

Gidanmu da abin da ke cikinsa

Garin Wasagu yana cikin Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu mai hedikwata a Ribah, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Zuru a Jihar Kebbi. Sauran ukun su ne Zuru da Fakai da Sakaba. Ƙasa ce ta noma da kiwo, shi ya sa gidan mutumin Wasagu yake ɗauke da ayyuka da yawa a lokaci guda. A cikinsa rumbu yake, a cikinsa turken awaki da akurkin kaji suke. Nan ake sussuka da surfe, nan uwargida ke soya ƙuli-ƙulin sayarwa, nan ake jingine fartanya da garma, babur kuma ya kwana a zaure.

A 'yan shekarun nan an sami ƙarin nauyi. Ta'asar 'yan bindiga ta tilasta wa iyalai da yawa barin ƙauyukansu, suka koma cikin gari wurin dangi, kowa da ƙunshinsa. Karɓar ɗan'uwa a lokacin tsanani hali ne na kirki da muka gada, kuma ba abin da za a daina ba ne. Sai dai mutane sun ƙaru, ɗakuna ba su ƙaru ba. Dole ke nan mu koyi yadda ɗan wurin da muke da shi zai ishe mu.

Ba yawan dukiya ne ya cushe mafi yawan gidajenmu ba. Abu biyu ne: kayan da suka gama aiki amma aka kasa rabuwa da su, da kayan da ake aiki da su kullum amma ba su da mazauni. Maganin duka biyun ba ya buƙatar ko kwabo. Shawara yake buƙata, da haɗin kai, da ɗan lokaci.

Abin da hargitsi ke ci mana

Mu duba safiyar wani gida ranar makaranta. An idar da sallar asuba, uwa ta zo hura wuta, ba ta ga ashana ba, sai ta aiki yarinya maƙwabta ɗebo wuta. Yaro ya sa takalmi ƙafa ɗaya yana zagaya tsakar gida neman ɗayar, ashe tana ƙarƙashin turmi. Maigida ya zazzage aljihun riguna uku yana neman makullin babur. Ana cikin haka aka tuna yau ce ranar kai jariri rigakafi, katin kuwa tun watan jiya ba wanda ya sake ganinsa. Daga nan sai a fara: "Wa ya ɗauka?" "Ai ke na ba." "Kullum sai an ce ni ce." Rana ba ta gama fitowa ba kowa ransa a ɓace, alhali ba wanda ya yi wa wani laifi da gangan.

Wannan gida ya yi asara iri uku. Ya yi asarar lokaci. Ya yi asarar kuɗi, domin za a sake sayen allura da wuƙa da tocilan da suke nan cikin gida a ɓoye. Mafi tsanani, ya yi asarar zaman lafiya, domin zargi ya shiga tsakanin miji da mata, ko tsakanin kishiyoyi, a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Har masana sun auna wannan. A shekarar 2010 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Darby Saxbe da Rena Repetti, suka wallafa binciken da suka yi a kan gidaje 30 da miji da mata duk suke fita aiki. Sun gano cewa matan da suka siffanta gidajensu da hargitsi da ayyukan da ba a ƙarasa ba, ransu yana ƙara dagulewa yayin da yini ke tafiya, kuma sinadarin da jiki ke fitarwa a halin damuwa ba ya sauka da yamma yadda ya kamata. Ginin gidajensu ya bambanta da namu, amma zuciya iri ɗaya ce. Duk abin da ido ya gani a yashe, tuni yake yi wa mutum cewa akwai aikin da ke jiransa, sai ya kwanta jiki a gajiye, hankali kuma bai huta ba.

Karatu: Ɗakin shirgi

A karanta wannan tattaunawa a aji, ɗalibai uku su raba ta tsakaninsu.

Uwargida: Malam, in ka gama karyawa muna da magana.

Maigida: Ina jin ku.

Uwargida: Ɗakin nan na kusa da zaure ya daɗe a rufe da shirgi. Ga su Gwaggo da jikokinta a takure a ɗaki ɗaya tun da suka baro ƙauye.

Maigida: Ai ba shirgi ba ne. Duk abin da ke ciki yana da ranarsa.

Amarya: Gaskiyar Yaya ce, Malam. Jiya na leƙa neman faifai, ban da buhunan da ɓera ya cinye da keke marar ƙafa ba abin da na gani.

Maigida: Keken nan na marigayi Baba ne.

Uwargida: Allah ya ji ƙansa. To ka ga ba naka ba ne kai kaɗai. Kira ƙannenka ku yi shawara, in akwai mai so ya gyara ya hau, ladan ya kai ga Baba.

Maigida: Injin ban-ruwa fa?

Uwargida: Rani nawa ke nan ana cewa za a kai shi gyara? Ko dai a kai shi wannan makon, ko a sayar a sayi ƙyauren ɗakin.

Maigida: To ku fa? Kwanonin da suka cika ƙarƙashin gadajenku?

Amarya: Namu mu za mu duba da kanmu, in sha Allahu. Kai dai ka fara da naka.

Maigida: Shi ke nan. Allah ya kai mu Asabar, a kira yara su taya mu.

Tantance kaya: kashi huɗu

Kada a ce za a gyara gida duka a yini ɗaya. Wanda ya fito da kayan ɗaki uku tsakar gida da hantsi, magariba za ta same shi a gajiye, ya mayar da su yadda suke. A zaɓi wuri ɗaya: akwati ɗaya, ko ƙarƙashin gado, ko kusurwar zaure. A shimfiɗa tabarma, a fito da komai, a share wurin, sannan a ɗauki kayan ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: An yi aiki da wannan tun daga kakar bara zuwa ta bana? In ya lalace, zai gyaru, kuma wa zai kai shi gyara, yaushe? Akwai wanda ya fi mu buƙatarsa?

Amsar za ta jefa kowane abu cikin ɗaya daga kashi huɗu.

Kashi na farko, na aiki. Shi ne zai koma ciki, amma sai an yanke masa mazauni.

Kashi na biyu, na gyara. A sa masa rana. In ranar ta wuce ba a kai shi wurin maƙeri ko tela ko bakanike ba, ya koma kashi na uku.

Kashi na uku, na bayarwa ko sayarwa. Tufafin da suka yi wa yara kaɗan, da tukunyar da ta yi shekaru ba ta hau murhu ba, a bayar da su, domin akwai iyalan da suka baro gida ba su ɗauko ko cokali ba. Abin da za a bayar a wanke shi, a ba da shi cikin mutunci. Kwanoni da atamfofi masu daraja dillaliya za ta sayar. Tsohon ƙarfe da fasassun robobi kuma 'yan gwangwan suna saye.

Kashi na huɗu, na zubarwa. Abin da ke ruɓewa, kamar ƙaiƙayi da kashin dabbobi, haɗe da toka, a tara a juji nesa da rijiya da madafa, a kai gona ya zama taki. Leda kuwa a tattara ta wuri guda, domin akuya ko saniya in ta haɗiye ta tana toshe mata ciki har ta kai ga mutuwa, hayaƙinta kuma yana cutar da ƙirji in an ƙona ta a tsakar gida.

Haƙƙin mai kaya

Nan ne gyara yakan koma ɓarna in ba a kula ba. Kayan ɗakin mace mallakarta ne, iyayenta suka yi mata, miji ba shi da ikon sayarwa ko kyautarwa sai da yardarta. Kishiya ba ta taɓa kayan kishiya. Kayan mamaci na magada ne, ba a raba su sadaka sai sun amince, balle in akwai marayu a ciki. Abin da aka aro a mayar wa mai shi. Abin da baƙo ko maƙwabci ya ba da ajiya amana ce: a ware masa wuri, a rubuta abin da ke ciki a gaban shaida.

Tsofaffi kuma a bi su a hankali. Tsohuwar ƙwaryar da jika yake gani tarkace, mai yiwuwa ita ce abu ɗaya da ya rage wa kaka daga ɗakin mahaifiyarta. A tambaye ta: "Inna, wannan a bar miki ko a bayar?" In ta ce a bari, a nema masa wuri mai kyau.

Ba kowane abu mazauni

Ƙa'idar guda ce: abin da ake ɗauka kullum ya zauna kusa da hannu, kusa da inda ake aiki da shi, wanda sai shekara-shekara ya hau sama ko ya shiga ƙurya.

A zaure, a kafa ƙusoshi ko a gicciya sanda a bango a rataye fartanya da lauje da igiya. Adda da gatari su yi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Makulli ya sami ƙusa ɗaya da kowa ya sani.

A madafa, muciya da ludayi da maburgi su shiga tsohuwar tukunya ɗaya kusa da murhu. Gishiri da daddawa da kuka da barkono a zuba su a gwangwani ko roba mai murfi. Ragaya da iyayenmu ke rataye ƙwarya a kanta har yau tana da amfani, domin tana raba abinci da ɓera da kaji. Itace da kara a jibge su nesa da murhu, musamman da hunturu lokacin da iska ke ɗaukar tartsatsi.

A ɗakin kwana, kowane yaro ya sami jakarsa ko buhunsa da ƙusar rataye kayan makaranta. Kayan sanyi a wanke a ɗaure idan zafi ya shigo. Ƙarƙashin gado ya zama wurin da tsintsiya ke shiga, domin inda ba a sharewa nan kunama da maciji ke samun mafaka.

A tsakar gida, a kife duk abin da zai tara ruwa: gwangwani, fasasshen tulu, tsohuwar taya. A cike ramuka, a buɗe hanyar ruwa, a rufe randa. Sauro a ruwan da ke kwance yake ƙwai, kuma cikin kamar kwana goma ƙwan ya zama sauro mai cizo. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jiharmu. Binciken ƙasa na shekarar 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, adadin da ya fi na kowace jiha a Najeriya.

Amfanin gona

Kafin a zuba sabon hatsi a share rumbu, a liƙe tsagoginsa, a gyara jinkarsa, a nome ciyawar da ke kewaye da shi. Kada a zuba na bana a kan na bara, domin ƙwarin tsohon za su shiga sabon. Buhuna kuma kada su zauna a ƙasa ko su jingina da bango. A jera su a kan katako ko duwatsu, a bar ratar da mutum zai iya zagayawa ya duba. Ga inda karatunmu zai yi aiki: a rubuta a jikin kowane buhu abin da ke ciki da watan da aka zuba, a fara cin wanda ya riga shiga.

Wake, wanda ƙwari suka fi yi wa ɓarna, yana da buhu na musamman mai suna PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a shekarar 2007. Hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowane hawa daban da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an sa magani ba. Sharaɗinsa kada leda ta huje, kuma kada a riƙa buɗewa.

Raba ɓera da abinci kariya ce daga cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana kama mutum ta abincin da fitsari ko kashin wani irin ɓera ya taɓa, kuma ya fi yaɗuwa da rani. Ɗakin da aka cika da tsummoki da tsofaffin buhuna, aka bar tuwo a buɗe, gayyatar ɓera aka yi.

Abubuwa masu haɗari

Maganin feshi na gona da fiya-fiya da maganin ɓera su zauna a cikin mazubinsu na asali, a wurin da ake kullewa, nesa da abinci. Jarkar maganin feshi ba ta komawa ta ruwan sha ko ta mai, ko sau nawa aka wanke ta. A ɗauraye ta sau uku a zuba ɗaurayen cikin injin feshi, a huda ta yadda ba wanda zai ɗauka. Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin hatsi tana fitar da iska mai kisa, don haka buhun da aka sa wa ita ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane. Kananzir da fetur kada a zuba su a robar lemo, domin yaro mai jin ƙishirwa ba ya tambaya. Fetur kuma ba ya kwana a ɗakin barci ko kusa da murhu.

Magungunan asibiti a haɗa su a gwangwani ɗaya mai murfi, a ɗora a sama. A jikin kowane kwali akwai haruffa EXP, da wata da shekara a gabansu. In an ga EXP 08/2024, ma'anarsa wa'adin maganin ya ƙare a ƙarshen watan Agusta na 2024. Irin wannan a mayar da shi asibiti ko wurin mai kemis, kada a bai wa wani.

Jakar takardu

Takardun gida su ne suka fi wuyar maidowa in sun ɓace: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar lambar NIN, katin zaɓe, katin rigakafin yara, katin asibiti, sakamakon jarrabawa, takardar gona ko fili, da takardun babur. Gara da yayyo da gobara duk abokan gabarsu ne. A sa na kowane mutum a leda daban, a rubuta sunansa a kai, a haɗa su a jaka ɗaya cikin akwatin ƙarfe. Manyan gida biyu aƙalla su san inda take. Mai babbar waya ya ɗauki hoton kowace takarda, a kuma yi kwafi a ajiye wurin amintaccen ɗan'uwa a wani gida, domin gida biyu maganin gobara. A halin da yankinmu yake ciki, iyalin da takardunsu ke wuri ɗaya za su iya ɗauka cikin minti guda in tafiyar gaggawa ta kama. Allah ya tsare mu, ya dawo mana da zaman lafiya.

Aikin na kowa ne

Kuskure ne a ɗora wa mata wannan aiki su kaɗai, a kuma zarge su in gida ya hargitse. Zaure da rumbu da turke da kayan gona da magungunan feshi galibi a hannun maza suke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigidan da ya dawo daga gona ya rataye fartanyarsa a inda aka ware mata ya koya wa 'ya'yansa abin da faɗa ba zai koya musu ba. Yara maza da mata duk a ba su rabo daidai ƙarfinsu: ƙarami ya jera takalma, na tsakiya ya kife gwangwanaye, babba ya duba buhuna.

A tsayar da lokuta uku. Kullum kafin magariba, kowa ya mayar da abin da ya ɗauka mazauninsa. Kowane mako, a zaɓi wuri ɗaya a tantance. Sau biyu a shekara kuma a yi babban gyara: da bazara kafin ruwa ya sauka, da kuma kafin a shigo da amfanin kaka. Masu yin gyaran Sallah ko Kirsimeti ko bikin Uhola su haɗa da tantance kaya, kada a tsaya ga shara da shafe kawai. Kafin a sayo sabon abu ranar kasuwa kuma a tambayi kai: muna da irinsa a gida? Ina zai zauna?

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne suka fi cushe gidajenmu?
2. Kawo asara uku da hargitsi ke jawo wa gida.
3. A cikin karatun "Ɗakin shirgi", me ya sa uwargida ta ce a kira ƙannen maigida?
4. Faɗi kashi huɗu da ake raba kaya, da misali ɗaya na kowanne.
5. Ta yaya buhun PICS yake kashe ƙwari?
6. Me ya sa ba a kwana da buhun da aka sa wa Phostoxin?

Lissafi

Idan wani gida yana kashe naira 1,500 kowane wata wajen sake sayen abubuwan da suka ɓace a cikin gida, nawa ya kashe a shekara?

Aikin gida

1. Zaɓi wuri ɗaya a gidanku, ka tantance kayan da ke ciki tare da mutanen gida. Rubuta abin da ya shiga kowane kashi.
2. Tattara takardun gidanku a jaka ɗaya, ka rubuta jerin waɗanda ake da su da waɗanda suka ɓace.
3. Rubuta suna da wata a jikin buhu uku ko gwangwani uku.
4. A zama na gaba, kowane ɗalibi zai faɗa wa aji wurin da ya gyara, da wahalar da ya ci karo da ita, da yadda suka warware ta.